Ranar da Na Rantse a Kan Gem

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta daminar casa'in da takwas ba, ko da na so in manta, don har yau akwai waɗanda in suka hango ni a kasuwar Kafanchan sai su sunkuyar da kai suna danne dariya, wasunsu ma yanzu da furfura a gemu. Ni tela ne. A lokacin ina dab da hamsin, da mata da 'ya'ya har da jika guda, amma abin da ya zubar mini da mutunci a bainar jama'a wasan faɗa ne na cikin talabijin, wanda yara ke kira gem. (Yi dariyarka tun yanzu ka gama, mai karatu, don can gaba babu daɗi sosai.)

Sai na fara gaya maka wane ne Danladi, in ba haka ba za ka ɗauka hauka ce kawai ta kama ni. Danladi mutumin Madakiya ne, Kirista, mai gyaran rediyo da talabijin. Shekara da shekaru shagonsa da nawa bango ɗaya suka haɗa a hanyar tashar jirgi. Ni nake ɗinka wa matarsa ankon zumuntar mata, shi yake tayar mini da rediyona duk lokacin da ta suma. Kwano ɗaya muke sa hannu da rana, yau faten acca daga gidansa, gobe tuwo daga nawa. Da garin ya rikice a tamanin da bakwai, bayan 'yan shekaru kuma abin ya sake tashi a Zangon Kataf, sai kowa ya fara jan jiki yana komawa cikin nasa. Ni ma na ɗora keken ɗinkina a amalanke na koma unguwarmu. Ba mu taɓa sa-in-sa da Danladi ba, ko sau ɗaya. Amma zuwana gidansa ya zama tafiyar da ake bin mutum da ido, zuwansa nawa ma haka. Wuri ɗaya ya rage mana a duniya, shagonsa, saboda yana tsakiyar gari, ba a unguwar kowa ba.

To amma magidanci ba ya barin sana'arsa kullum ya tsallaka gari ya ce ya zo kallon fuskar abokinsa, sai da dalili. Dalilin ya zo ne daga Legas, a cikin kwali. Ƙanen Danladi ya kawo masa wata 'yar na'ura baƙa da ake jona wa talabijin, da abin riƙewa guda biyu masu maɓallai da doguwar waya, waɗanda ake kira fad. Ka zura kaset, sai ga mutum biyu a tsaye suna huci, kowa da layin jininsa a saman kansa. Ka danna nan ya yi naushi, ka danna can ya yi shuri, wanda jininsa ya fara ƙarewa ya faɗi. Ranar da Danladi ya fara miƙo mini fad na ce masa, "Haba Injiniya, da girmana?" Ban bar shagon ba sai da aka kira magariba.

Kuma na iya, wannan kam ba yabon kai ba ne. Yatsun da suka shekara talatin suna bin bakin allura ba sa jiran a gaya musu. Na zaɓi wani siririn mutum mai jan wando, mai tsalle kamar fara, na mai da shi nawa. Danladi kuwa kullum wani ƙato mai tumbi yake ɗauka, mai tafiya kamar an ɗora masa buhu, ni kuwa in yi ta jibgarsa. Ya faɗi, ya yi dariya, ya ce, "Kai, Tela, hannunka ba na mutum ba ne. Gobe zan rama." Goben ta zo, in sake jibgarsa. Har suna na sa masa, ina ce masa abincin yammana.

Da yara suka gano abin, sai Danladi ya sa benci biyu ya mai da rabin shagon gidan gem. Dokar wurin ɗaya ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad ya koma bayan layi. A shekarun farko in na zauna, to na zauna ke nan. 'Yan makaranta, 'yan acaɓa, yaran kanikawa, na coci da na masallaci, duk na kwantar da su. Suna ce mini Baba Tela, in na shigo a matsa mini wuri. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata ya yi wa mai jika.

Tsufa bai yi mini sallama ba. A wajen aiki na fara ganin alama, ranar da allurar keke ta huda mini yatsa, abin da rabona da shi tun ina koyo. Sai zare ya fara ƙin shiga sai na fita haske. A gem kuwa abin ya fi cin rai, don idona bai mutu ba. Ina ganin naushin yana tahowa, ƙiri-ƙiri nake ganinsa, kaina ya ce tare, amma kafin saƙon ya sauka babban yatsa, mai jan wandona yana ƙasa. Irin jirgin da muke jira a tasha ne, zai zo, amma sai bayan an gama buƙatarsa.

Babu abin da ban yi ba. Na sayi tabarau. Na riƙa shafa man zafi a yatsu kafin in fito, har yara suna cewa shagon yana warin asibiti. Na jiƙa hannu a ruwan ɗumi, na sha shayi mai citta har maƙogwaro ya yi ta raɗaɗi. In aka ci ni, fad ne ya tsufa, ko janareta ce ke rage wuta, ko wani ya tsaya mini a haske. Daga baya na koyi dabarar da ta fi duka: zaɓen abokin karawa. In ƙananan yara ne a layi, ina nan daram. In na hango gwanayen sun matso, sai in duba agogo in ce la'asar ta yi, in miƙa fad da mutuncina. (Allah Ya yafe mini, akwai ranar da na tafi la'asar rana tana tsakar ka.) In na dawo kuma in nemi Danladi in huce a kansa, don shi kaɗai ne har lokacin ban daina ci ba.

Gwanin gwanayen shi ne Ishaku, wani ɗan acaɓa siriri da ake kira Walƙiya. Yaron ba shi da rashin kunya, gaskiya ɗaya ce. Amma wata Laraba layi ya zo kansa, na kai hannu aljihu zan ciro agogo, sai ya ce cikin murmushi, "Baba Tela, kullum in ya zo kaina sai salla ta yi. Yau ma ta yi?"

Aka kwashe da dariya. Ba mai yawa ba ce, amma ta ishe ni. Ni kuwa zuciyar ubana na gado, in ta taso ba na ganin gabana. Na miƙe na nuna shi da yatsa, yatsan nan mai warin man zafi, na ce, "Kai yaro, ranar Asabar ni da kai. Wallahi tallahi, in ka ci ni, ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba har abada!"

Danladi yana can yana liƙa wata waya da dalma, sai ya ajiye ƙarfen a hankali ya ce, "Tela, ka janye wannan magana. Rantsuwa ba shi da kyau a kan wasa."

Na ce, "Na riga na faɗa."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ni. Ya san akwai wani dillalin citta da na rantse ba zan ƙara yi wa ɗinki ba, mutumin ya yi ta aiko da manya, har ya bar garin ban taɓa masa ko maɓalli ba. Baki shi ke yanka wuya, ni kuwa tun kafin in kai gida na fara jin wuƙar. Ba sarautar benci nake tsoron rasawa ba. In Ishaku ya ci ni, ba ni da sauran inda zan ga Danladi, kuma a raina na san Ishaku zai ci ni.

Ranar Juma'a da yamma na je in wasa hannu. Na kama Danladi na lallasa shi kamar kullum, amma bai yi dariyar nan tasa ba. Ya ce, "Hannunka ya yi nauyi, Tela." Na ce wanda aka kayar ne yake ba da fatawa? Ya juya ya ci gaba da kwance wata rediyo.

Asabar ta zo da ruwan sama tun hantsi. Na yi addu'ar ruwan ya hana mutane fitowa, ashe shi ya tara su, don 'yan acaɓa duk sun ajiye babura sun shigo fakewa. Shagon ya cika har baranda, wasu sun leƙo ta taga, har mai tsiren tsallake ya bar wutarsa. Ba wuta a gari, janareta tana ta ƙara a waje. Talabijin ɗin tana kan dogon teburin aiki, hagu da dama matattun rediyoyi ne jibge har sun kusa kai rufi. Danladi ya ce rufin yana yoyo, don haka ya mai da na'urar can baya, wayoyin fad kawai suka zagayo gaba. Ya miƙo mini wani fad mai sheƙi ya ce, "Sabo ne, na ajiye maka." Har na ji ƙwalla ta taso mini saboda wannan karamci.

Za mu fara ke nan sai hoton ya kama rawa. Danladi ya yi tsaki ya ce, "Waya ɗin ya saki. Bari na shiga baya na riƙe, ku yi wasanku." Ya kutsa bayan tebur ya ɓace cikin tarkacensa. Ba wanda ya damu, don rabin rayuwarsa a bayan talabijin yake yi. Masu wannan sana'a suna rataye babban madubi a bangon da ke fuskantar teburin, don in suna baya suna taɓa wayoyi su riƙa ganin hoton ta ciki. Nasa yana can sama da kawunanmu, mun ba shi baya, duk ido yana kan talabijin.

Aka fara. Zagaye uku ne, wanda ya ci biyu ya gama. Ishaku ya taso mini kamar an sako kare, ni kuwa na hau danna maɓallai da duk ƙarfina. Sai na ga abin mamaki. Mai jan wandona, wanda bai san komai ba sai tsalle, ya tsaya cak ya tare. Ya sake tarewa. Ishaku ya yi sama zai sauko masa a ka, sai kawai ya ɗaga hannu ya tarbe shi da naushi ɗaya a haɓa. Jinin Ishaku ya ragu, shagon ya ɗauki ihu.

Yanzu za ka tambaye ni, ban lura ba? Na lura mana! Na danna tsalle mutumina ya durƙusa. Na danna shuri ya ja da baya. Amma ka san abin da na gaya wa kaina? Na ce ai wannan ita ce ƙwarewa, hannuna ne ya riga tunanina, jikina ya san abin da ya dace tun kafin in sani. Har na ji tausayin kaina da na yi ta zargin yatsun nan bayin Allah. Mutum in yana son ya yarda da abu, ko akuya ta gaya masa zai yarda.

Na ci zagayen farko. Ishaku ya goge tafin hannunsa a wando, murmushin ya tafi. A na biyu ya canza salo ya matsa mini, jinina ya yi ƙasa sosai, amma mutumina bai firgita ba. Ya jira, ya jira, yaron ya sake yin tsallen nan nasa, ya sake cin naushi a haɓa. Saura ƙiris jininsa ya ƙare. 'Yan baranda suna ta "Baba Tela! Baba Tela!" Nan fa kaina ya kumbura. Da na yi shiru na zauna, da yau wani labarin nake ba ka. Amma ina! Sai na miƙe tsaye, wasa bai ƙare ba, na juya wa talabijin baya, na ɗaga fad sama da hannu ɗaya don kowa ya ga ko ba na kallo zan iya, na buɗe murya na ce, "Ku gaya wa yaron nan, abin da babba ya hango yana zaune..."

Ban kai ƙarshen karin maganar ba. Wayar fad ɗina ta biyo ni. Ta zamo daga bayan tebur sulululu, ta faɗo ƙasa, ta ja jiki ta tsaya a gaban takalmina. Bakinta ko kan jonawa babu, guntuwa ce an naɗe ta da baƙin salatif. A bayana kuwa ina jin ƙarar naushi, tim, tim, tim, mai jan wandona yana can yana gama da Ishaku shi kaɗai, ni ina tsaye riƙe da fad ɗin da ba a jona da komai ba.

Da yake na juya, ni ne na fara ganin madubin. Ga Danladi a ciki, tsugune a bayan talabijin, fad a hannunsa, harshe a waje, ya ƙura wa hoton ido. Bai ma san abin da ya faru ba, sai da ya kai Ishaku ƙasa tukuna ya sauke numfashi. Sannan idonsa ya sauka a kan nawa.

Wani yaro ya ce, "Baba Tela yana wasa da aljani!" Wani ya bi inda nake kallo ya nuna madubi. Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, rushewa ce. Mutane suna faɗuwa a kan juna, mai tsire ya riƙe ciki ya fita cikin ruwa. Duk wannan da sauƙi. Wadda ta soke ni ita ce maganar wani ɗan makaranta, da ya faɗa ba da mugunta ba, yana yi wa na kusa da shi bayani: "Irin wanda muke ba ƙanena ne in yana kuka, ya yi ta dannawa yana murna."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba, siminti ne.

Ishaku bai yi dariya ba, ransa ne ya ɓaci. Ya ce wa Danladi, "Oga, haka ake yi a shagon nan? Sau nawa aka yi mana?" Danladi ya fito yana ta rantse-rantse cewa yau ne kawai, Ubangiji shaida, amma ba mai sauraro. Ni kuwa sauran girman kan da ya rage mini ya ce in nemi a jona mini fad na gaskiya. Aka jona. Ba zan ɓata maka lokaci ba: zagaye biyu, ko taɓa yaron ban yi ba. Ina ganin kowane naushi tun daga nesa, kuma kowanne ya same ni. Wannan karon ba wanda ya yi ihu, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Ishaku ya ajiye fad ya ce a hankali, "Baba, a bar maganar rantsuwan nan, wasa ne." Na ce ni ba na wasa da sunan Allah. Na ɗauki hulata na fita cikin ruwa, ina jin Danladi yana kira, "Tela! Tela!" ban waiga ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. In la'asar ta wuce sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna a kan keke ba na ɗinki, yatsuna suna motsi su kaɗai a kan cinya. Na yi ta faɗa da yara a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce, lissafin da na yi ne daga baya: mutumin da ya kayar da Walƙiya ta cikin madubi, inda hagu ke komawa dama, kuma da mai jan wandona da bai saba ɗauka ba, shi ne wai na shekara biyar ina jibga ina kira abincin yammana. Sau ɗaya Danladi ya tako har unguwarmu, abin da ya daɗe bai yi ba, ya tsaya a ƙofar gida ana kallonsa. Na ce a ce ba na nan. (Kekena yana ta ƙara a zaure lokacin da ake gaya masa.)

Mai ɗakina ce ta gaji. Ta ce, "Malam, tun da ka daina zuwa wajen Danladi gidan nan ya zama kurkuku. Ka je wajen liman mana, ai rantsuwa tana da magani."

Na je, bayan na yi ta zagaye. Liman dattijo ne mai sanyin magana, ya saurare ni yana jan carbi. Na ce na rantse in wani yaro ya doke ni ba zan sake shiga wani wuri ba, kuma ya doke ni.

Ya ce, "Subhanallahi! Yaro ya ɗaga hannu ya doke ka? Ɗan wane ne?"

Na ce, "Ba ni ya doka ba, Malam, mutumina ya doka."

"Wane mutumin naka?"

"Na cikin talabijin."

Ya dakata da jan carbin. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce in sake bayani daga farko. Na sake, har da jan wando. Allah Ya ji ƙansa, bai yi dariya a gabana ba, amma na ga gemunsa yana rawa. Ya ce rantsuwar da za ta raba ka da abokin arziki karya ta ya fi alheri, sai dai in yi kaffara: in ciyar da miskinai goma, ko in tufatar da su, in ba ni da hali in yi azumi uku.

Da na zaɓi ciyarwa, da a ranar na gama, washegari ina shagon Danladi. Amma na ce ni tela ne, tufatarwa zan yi, kuma da hannuna. Gaskiyar ita ce ban shirya haɗa ido da shi ba, riguna goma kuwa wuri ne mai kyau na ɓuya. Na sayi yadi na yi ta jan aikin. Ga ɗinkin mutane, ga ido, ga yatsun da sai an lallaɓa su. In ɗinka hannu in farke in ce bai zauna ba. Damina ta wuce, aka shiga tonon citta, sannan na kai ta goma. Na raba wa tsofaffin leburorin tasha da wasu guragu na bakin kasuwa. Ɗaya ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini, na ce kusan haka.

Ranar da na koma, tun daga nesa na ji shirun. Ba babura a ƙofa, ba ihu. Benci ɗaya ya rage. Danladi yana zaune shi kaɗai da wata rediyo a cinya, ya rame. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Tela," kamar jiya muka rabu, ya matsa mini wuri.

Na ce, "Ina yaran?"

Ya ce sun koma wani sabon gidan gem a bakin tashar mota. Tun daga ranar nan aka sa wa shagonsa suna shagon magudi, duk wanda aka ci sai ya ce a duba bayan talabijin. Ya jira, ba su dawo ba, ni ma ban dawo ba, sai ya sayar wa wani mutumin Godogodo na'urar da kaset ɗin duka. Abin da ke biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta ke nan, na sani, bai kuwa faɗa ba.

Na zo da faɗa a bakina, na shirya shi tsaf tun ina kan riga ta uku. Da na ga bencin nan guda ɗaya sai duk ya zube. Abin da ya fito kawai shi ne, "Injiniya, ashe duk shekarun nan raga mini kake yi?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Da farko kana ci na da gaske. Daga baya ne."

"To yaya aka yi ka kayar da yaron? Kai ma ai ba yaro ba ne."

Ya ce, "Hannuna ya fi naka mutuwa. Ni na daina tsere da su tun tuni. Ina zaune a nan kullum ina kallo, na san Ishaku in ya matsu sai ya yi tsalle. Ba na bin shi, ina jiran shi a inda zai sauka." Sannan ya ƙara da cewa, "Na so na koya maka, amma kai ba a koya maka abu."

Na ce to me ya sa bai taɓa kayar da ni ba, ko sau ɗaya, in san matsayina?

Ya ce, "Kai kana wasa don ka ci. Ni ina wasa don ka dawo gobe."

Na cire tabarau na yi ta goge shi da bakin riga, alhali ba abin da ya same shi. Can Danladi ya tashi ya shiga bayan tarkacensa ya fito da wani tsohon allon daraf, 'ya'yansa duk murafun kwalba ne, ya ajiye a tsakaninmu a kan benci. Ya ce wannan ba ruwansa da saurin hannu, in ka ga dama ka yi tunani har rana ta faɗi.

Darasin da na koya, in har ya kai a kira shi darasi, shi ne in hannu ya fara nauyi, baki ya kamata ya fara rage gudu, nawa kuwa a lokacin ya ƙara mai. Kafin in tura murfin farko na ce masa, "Abu ɗaya nake roƙo, Danladi. Kada ka sake raga mini." Ya ce ya ji. Mugun ya cika alkawari. Kullum bayan la'asar ina kan bencin nan, shekara da shekaru, kuma har ranar da muka raka gawarsa Madakiya ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya.